Wutar Jego a Pantai Dalam

Maigidana ya je Malaysia ne don ya koyi yadda ake ɗumama ɗaki. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, ya zaci tsokana nake yi. Ƙasar da in ka fito daga wanka, kafin ka gama shafa mai gumi ya sake yi maka wani wankan, can aka tura shi ya yi digiri na uku a kan wutar ɗumama gida. Ni dai karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, don haka ban sa baki ba. Na ɗaure kayana na bi shi.

A Pantai Dalam, wata unguwa a Kuala Lumpur, muka zauna, can saman wani dogon bene, ɗaki biyu da falo. Ni ba mai son fita ba ce. Matan 'yan uwansa ɗalibai su yi ta kirana, a je kasuwar yadi, a je cin abinci, in ce musu Allah ya kiyaye hanya. Taga ta ishe ni. Ina ganin jirgin ƙasa yana wucewa, ina jin maƙwabta suna faɗa da yaren da ban iya ba amma ina gane wanda ke da gaskiya. Gidan nan shi ne wuri na farko a rayuwata da in na ajiye ludayi zan dawo in same shi inda na bar shi.

Sai aka kawo mana boila.

Malaminsa na jami'a yana aiki tare da wani kamfani na ƙasar sanyi. Sun gama gwajinsu a makaranta, sai aka ce ana son a gwada a gidan da mutane ke kwana suna tashi. Duk ɗaliban suka sunkuyar da kai, nawa ya ɗaga hannu. Haka aka zo aka kafa wani farin akwati a bangon baya inda muke shanya, aka haɗa shi da silindar gas, aka ja bututu zuwa banɗaki, aka ja wani zuwa ƙaramin ɗaki, inda aka jingina wani ƙarfe mai haƙarƙari kamar lagireton babbar mota. Mai gidan da muke haya, wani tsoho ɗan China, ya zo ya tsaya yana kallon ƙarfen.

"Wannan na mene ne?" ya tambaya.

"Na ɗumama ɗaki ne," in ji maigidana.

Tsohon ya dubi ƙarfen, ya dubi gumin da ke ɗiga daga haɓar Malam, wato maigidana, ya ce, "Boleh lah," wato ba komai, a yi. Ya fita yana girgiza kai kamar wanda ya dawo daga dubiya.

Na haddace bayanin boilar nan kamar karatun allo, saboda da shi nake cin tuwo kullum. Aiki biyu take yi: ta ba da ruwan zafi a famfo, ta kuma tura ruwan zafi cikin ƙarfen don ya ɗumama ɗaki. Abin da ya bambanta ta da na dā shi ne wutarta tana ƙaruwa tana raguwa. Na dā kuwa biyu kawai suka sani, a hura ko a kashe. Mai ba ta umarni wata 'yar na'ura ce mai kewaye, ba ta fi murfin kwano ba, da lamba a fuskarta, ana iya ɗaukarta a ajiye ko'ina. Ita ke jin zafin ɗaki ta gaya wa boila ta ƙara kaɗan ko ta rage kaɗan. Duk karatun Malam shi ne ya sa su biyun nan su fahimci juna, don in ba su fahimci juna ba, boila mai hankali sai ta koma hura-kashe kamar kowa.

Matsalar ɗaya ce. 'Yar na'urar ba za ta nemi wuta ba sai ta ji sanyi, a Kuala Lumpur kuwa ba a sayar da sanyi sai a esi. Don haka Malam yakan rufe ƙaramin ɗaki, ya toshe ƙasan ƙofa da tawul, ya ƙure esi har sai haƙoransa sun fara haɗuwa, sannan ya zauna cikin rigar sanyi yana jiran ƙarfe ya kori sanyin da shi da kansa ya gayyato. Na taɓa tambayarsa ko ba zai fi sauƙi a kashe su duka biyun ba. Ya ce ilimi ba haka yake ba.

Ana cikin wannan na samu ciki, na fari. A gidanmu haihuwar fari a gida ake yi, a yi wankan jego a gaban iyaye. Malam ya yi ta waya da Baba yana roƙo. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Baba, ruwan zafi a gidan nan dare da rana ne, ba itace, ba hayaƙi." Daga ƙarshe Baba ya yarda, amma da sharaɗi. Yayarsa, Gwaggo, za ta zo ta yi mini jego. In ta ga abin ya yi, in zauna. In ta ga bai yi ba, da zarar takardar tafiyar jaririn ta fito, ta taho da ni Kano, ba kuma wanda zai ɗaga magana.

Na san abin da tafiyar take nufi. Takardar zamana a jikin tasa take, in na fita komowa sai an sha wuya. Shi kuma ba zai iya zuwa ba sai ya gama. Ɗan da zan haifa zai fara tafiya bai san fuskar ubansa ba, ni kuma in koma yarinya a gidanmu, ana aike na ɗauko tabarma. Amma mai cikin fari ba ta buɗe baki ta ce tana son zama wurin miji. Sai na bar wa boila ta yi mini magana.

Gwaggo ta sauka da jaka cike da kanwa, da yaji, da kimba, da gero. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, muryarta a ƙasa, amma ita ta yi wa rabin matan zuriyarmu jego, kuma har yau in ta shigo ɗaki sai su gyara zama. Aka sauke ta a ƙaramin ɗaki. Abin da ta fara yi shi ne ta sa aka kashe esi, ta ɗauko tsohon zani ta lulluɓe shi, wai ko a kashe yake yana hura wa mutum ciwo. Ƙarfen kuwa ta mai da shi wurin shanya. 'Yar na'urar ta ɗauka ta jujjuya, Malam yana tsugune yana yi mata bayani, kansa a ƙasa kamar yadda suruki ke yi.

"Ita ce ta san lokacin da ake jin sanyi?" ta ce.

"Ita ce, Gwaggo."

"Ba mai jikin ba?"

"Har ta fi mai jikin sani, Gwaggo."

"To, sannu uwar iyayi," ta ce wa na'urar, ta ajiye ta. Sunan da ya bi ta ke nan.

Allah ya sauke ni lafiya, mace. Malam ya zagaya gari har ya samo ganyen darbejiya wurin Indiyawa masu sayar da furanni, ya dawo da shi a jirgin ƙasa kamar mai kai wa akuya harawa. Kwanakin farko komai lafiya lau. Gwaggo ta buɗe famfo, tururi ya tashi, ta tara a babbar tukunya, ta ɗora a kan risho ta ƙarasa tafasa shi da ganye, don ta ce zafin famfo na wanke kwano ne. Ta yi ta fyaɗa mini ganye safe da yamma ina cije leɓe. Har ta yaba, ta ce aƙalla an rage mata jira.

Bayan suna Malam ya koma makaranta. Ranar da ya fara fita, Gwaggo ta buɗe famfo, ta kanga gwiwar hannunta. Ruwan ya fito salaf, kamar shayin da aka manta da shi. Da yamma ya dawo, ta faɗa masa. Ya shiga banɗaki ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa.

"Gwaggo, ga shi kuwa da zafi."

Washegari haka. Jibi haka. Yana fita ruwa ya huce, yana dawowa ya yi zafi. Gwaggo ta kira ni gefe.

"'Yar nan, faɗa mini gaskiya. Kulle ruwan yake yi in zai fita? Na san maza masu kulle rumbu, amma mai kulle ruwan zafi ban taɓa gani ba."

Na rantse mata ba halinsa ba ne. Sai da na kwanta ina juya maganar, sannan wani abu da ya taɓa faɗa a kan tuwo ya faɗo mini. Da ya shigo ɗaki na ce, "Malam, ba ka ce uwar iyayi tana bin wayarka ba? In ka yi nisa ta san ba kowa a gida, ta rage wuta?"

Ya dafe goshi. Shi ya koya mata hakan da hannunsa, yana ma alfahari da shi, wai tattalin gas. Ya je ya tsuguna ya yi wa Gwaggo bayani. Ta saurara har ƙarshe.

"Wato in ka sa ƙafa ka fita, ni da mai jego da jaririya ba mutane ba ne?"

"Ba haka ba ne, Gwaggo, ita waya take gani."

"Ai na ce namiji ne ya rene ta."

Gyaran wannan bai yi wuya ba. Malam ya riƙa barin babbar wayarsa a kan firji, ya tafi jami'a da 'yar ƙaramata mai tocila. Uwar iyayi ta ɗauka maigida ya daina fita, ta saki ruwa. Na ce shi ke nan, na tsira.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata safiya bayan wanka Gwaggo ta ce, "Wanka rabin jego ne. Ina wuta?" A zamaninsu, in ji ta, mai jego a kan gadon ƙasa take kwanciya, garwashi a ƙarƙashi, har sai jiki ya gasu sanyi ya fita. In ba haka ba, sai ka tsufa ka ga ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe. Ta ce a samo kasko da gawayi. Malam ya ce a benen nan ko turaren wuta ka cika sai ƙararrawa ta tashi a kwashe mutane, ga shi gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi. Ta ce to. Irin "to" ɗin da ba ya nufin to.

Ni ce na nuna mata ƙarfen da take shanya kayan jaririya a kai, na ce ai wannan aikinsa ke nan, zafi yake yi. Ta kwashe shanyar nan take.

"Ɗan nan, kunna."

Malam ya murɗa uwar iyayi har ƙarshe. Lamba mafi girma da take yarda a nema ita ce talatin. Ɗakin kuwa, ba wuta ba komai, ya riga ya wuce talatin. Na'urar ta ƙi kiran wuta. A ganinta duk wanda ke neman wuta a ɗakin nan ba shi da lafiya, kuma ban ce ta yi ƙarya ba.

"Sai an kunna esi tukuna, Gwaggo," ya ce a hankali. "In ta ji sanyi za ta kira wuta."

"Sanyi. A ɗakin mai jego."

"Na ɗan lokaci ne."

"Ka taɓa ganin an jiƙa itace don a hura shi?"

Ya ce akwai wata hanya, zai iya shiga cikinta da kwamfuta ya canza mata tunani, amma sun yi alkawari da malaminsa ba za a taɓa cikinta ba sai gwaji ya ƙare. In ya taɓa, duk abin da ya tara na watanni ya zube, sai a sake daga farko. Gwaggo sai ta tambaya ko takardar yarinya ta kusa fitowa. Ya ce ta kusa. Da la'asar na ga tana ninke zannuwana, ba nata ba, tana jerawa a gefe.

Abinci ya ƙi shiga mini. Ina kallon mutumin nan yana ɗaukar 'yarsa yana yi mata surutu, ni kuma ko kallonta sosai ba na iya yi a gaban Gwaggo saboda kunyar 'yar fari, balle in ce kada a raba su.

Washegari da ya fita, Gwaggo ta tsaya a gaban uwar iyayi, hannu a ƙugu.

"Ba sanyi kika ce kina so ba? Zo."

Ta ɗauke ta, ta buɗe firji, ta ajiye ta tsakanin kwanon kunun kanwa da ragowar farfesu, ta rufe. Ba a jima ba muka ji boila ta yi wani gurnani a bayan gida, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba. Ƙarfen ya fara ƙas-ƙas. Gwaggo ta miƙa jaririya falo, ta jawo katifa ta manna da ƙarfen, ta rufe taga, ta ce in kwanta in juya masa baya, ta lulluɓe ni da bargo.

Jama'a, na ga abin da gurasa ke gani a tanderu. Uwar iyayi tana can cikin firji tana ihun a kawo wuta, duk wutar da aka kawo kuma ba ta isa gare ta, a bayana take sauka. Boila ta hura iya ƙarfinta, zafi ya yi mata yawa ta mutu, ta sake hurawa, ta sake mutuwa, bum, shiru, bum, shiru. Abin da Malam ya bar ƙasarsa don ya hana, shi ake yi a gidansa. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa tana fifita, fuskarta fal annuri.

"Yanzu na ji ana jego," ta ce.

Abin da ya faru a makaranta daga baya ya ba ni labari. Duk abin da uwar iyayi ta ji yana fitowa a kwamfutarsa. Yana zaune sai ya ga gidansa ya faɗo daga talatin da wani abu zuwa biyar. Malaminsa yana tsaye a bayansa, ya gyara tabarau, ya tambaye shi cikin ladabi ko ƙanƙara ce ke sauka a Pantai Dalam.

Kafin azahar sai ga shi, riga ta manne a jiki, yana haki. Amma suruki suruki ne. Ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Gwaggo, barka da gida."

"Barka kadai. An dawo da wuri."

"An dawo. Ya mai jego?"

"Tana gasuwa, alhamdu lillahi."

"Ya jaririya?"

"Lafiya lau. Ya karatu?"

Bum, in ji boila.

"Da godiya. Gwaggo, ko an ga 'yar na'urar nan?"

"Tana hutawa."

Ya bi ɗakuna yana dubawa, ya ɗaga matashi, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Da ya leƙo inda nake, na zaro hannu daga bargo na nuna masa kicin. Na ji ƙarar buɗe firji. Ya fito da ita a tafin hannu, ta yi raɓa, tana ƙanshin daddawa. Ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri. Ya ga inda gefensa ya ɗan taɓa ni a kafaɗa har wurin ya yi ja.

"Gwaggo, a haka boilar za ta lalace, gas zai ƙare, ita kuma za ta ƙone."

"To ka ba ta wutar da ba za ta ƙone ta ba. Kai ne mai karatun wuta. Ni abu biyu na sani, ko wannan ta koma cikin firji, ko waccan ta bi ni Kano."

Ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin bargo, gumi yana ɗiga daga hancina.

Ya ɗauko kwamfutarsa ya zauna a tabarmar falo, ya goge uwar iyayi da gefen rigarsa, ya soka mata waya. Ya daɗe yana kallon allon bai taɓa komai ba. Sannan ya ce bismillah, ya shiga dannawa. Abin da ya yi, kamar yadda ya faɗa mini, ƙarya ya koya mata. Duk zafin da ta ji, ta zubar da goma ta faɗi saura. Ya mai da ita ƙaramin ɗaki ya ajiye. Ta dubi ɗakin da ke dafa mutum, ta ce da ɗan sanyi-sanyi, a kawo wuta kaɗan.

Boila ta kama a hankali, wani siririn sauti kamar kyanwa tana barci, kuma ba ta mutu ba. Ƙarfen ya huce ya tsaya a ɗumi. Gwaggo ta kai bayan hannunta ta riƙe a kai.

"Ƙara kaɗan."

Ya murɗa. Sautin ya ɗan tashi.

"Ya yi yawa. Rage."

Ya rage, sautin ya sauka. Ya tsaya yana saurare, baki buɗe. Ya ce tun da aka kafa ta bai taɓa jin ta bi umarni sumul haka ba, ga shi kuma ba zai iya rubuta ko layi ɗaya a kai ba, don duk a kan ƙarya aka gina.

Malaminsa bai yi faɗa ba. Ya ce su ma suna da irin wannan al'adar ta gasa mai jego, matarsa ta sha. Amma gwaji dai ya rushe, sai an sake, wani zangon karatu ya ƙaru. Ni kuwa na ci gaba da gasuwa safe da yamma, Malam yana tsugune a bakin ƙofa, Gwaggo tana cewa ƙara, rage. Ƙurajen zafi suka feso mini tun daga wuya har ƙugu. Gwaggo ta ce sanyin ne ke fita.

Takardar yarinya ta fito ana saura kaɗan a yi arba'in. Malam ya kawo ya miƙa wa Gwaggo da hannu biyu, ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ranar da na yi wankan ƙarshe ta ce a kira mata Baba, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Ƙofofin benen nan kuwa kwali ne, kunnena kuma lafiyarsa ƙalau.

"An yi jego," na ji ta ce. "A'a, ba irin namu ba, amma ta gasu. Bar ta a ɗakinta. Yaron yana da hankali, karatun nasa ne dai ban gane kansa ba. An kawo shi ƙarshen duniya ya koyi hura wuta, kuma sai da na tsaya a kansa."

Ta fito ta miƙa mini takardar, ta ce in adana. Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunyar da ba komai a cikinta, ina ta juya ludayi.

Da za ta tafi, Malam ya ɗauki jakarta, mun kai bakin lif, sai ta tsaya.

"Ɗan nan, akwatin nan naka da ƙarfen, jirgi yana ɗauka?"

"Yana ɗauka, Gwaggo. Lafiya?"

"Ƙanwar matarka cikin wata bakwai gare ta. Ka sa a kawo kafin azumi. Uwar iyayin ma ka haɗo da ita, amma wadda ka riga ka yi wa tarbiyya."